Ta Yaya Ka Sani? Kundin Aikin Ɗan Littafina a kan Shakka

4 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi don in riƙa rubuta inda aka kwana, saboda na san halina. In ban rubuta ba, aikin zai bi sahun 'yan'uwansa da ke jibge a akwati. Abin da nake son yi ɗan littafi ne da Hausa, kada ya wuce shafi sittin, a kan tambayar da malaman ƙarnonin tsakiya suka sha fama da ita daga Bagadaza har Paris: ta yaya mutum zai tabbatar cewa abin da yake ganin ya sani, ya san shi ɗin da gaske? Ginshiƙin littafin shi ne fassarar babin shakka na Almunƙizu Minad Dalali na Imamu Gazali, sauran babuka su kewaye shi. Waɗanda nake rubuta wa su ne ɗaliban da muke zama da su ranar Asabar bayan la'asar, su tara. Sun yi Ahalari da Ishmawi, wasu sun kai Risala, amma ba wanda ya taɓa buɗe littafin falsafa.

Tsarin da ke kaina mai sauƙi ne. In jero shubuhohin mai shakka a gefe guda, in jero amsoshin malamai a ɗaya gefen, a tashi an kai shi ƙasa.

11 ga Janairu

Shafi biyu kacal a mako guda, kuma kalmomi ne suka riƙe ni. Muna da shakka, kokwanto, zato, tsammani, waswasi, kuma a bakin mutane duk suna shiga gonar juna. Ɗaliban ne suka fitar da ni. Sun tuna mini abin da suka riga suka sani daga fiƙihu: in ɓangarori biyu sun yi daidai a zuciya, shakka ke nan, in ɗaya ya rinjaya, mai rinjayen shi ne zato, wanda aka rinjaya kuma wahami. Na ɗauki wannan ma'auni na kafa shi tun shafin farko. Yaƙini kuwa na bar shi yaƙini, wani lokaci in ce sakankancewa.

Ma'anar da Gazali ya ba yaƙini tana da tsauri ƙwarai. Sani ne da abin da aka sani ya bayyana a cikinsa har ba sauran kokwanto, ba kuma ƙofar da kuskure zai iya shigowa. Ya kawo misali: na san goma ta fi uku. Wani ya zo ya ce a'a, uku ce ta fi, hujjata kuwa zan mayar da wannan sanda maciji, ya kuma mayar ina kallo. Zan yi mamakin yadda ya iya, amma goma tana nan ta fi uku. Da na karanta musu, wani ya ce ai wannan kamar masu rufa-ido ne na bakin kasuwa, ka ga abin da idonka amma ba ka miƙa musu kuɗin cefane. Na rubuta maganarsa a gefen shafi.

25 ga Janairu

Yau muka shiga zuciyar babin. Kafin in fara na tambaye su wace hanya ce mafi ƙarfi ta sanin abu. Baki ɗaya suka ce gani ya kori ji. Na ce madalla, ku fito tsakar gida. Muka kafa kara a ƙasa, muka ja layi a bakin inuwarsa, na ce kowa ya zuba mata ido ya faɗa mini in ya ga ta motsa. Ba wanda ya gani. Muka koma ciki, bayan rabin awa muka fito, ta bar layin da kusan taƙi guda.

Misalin Gazali ne wannan, ban ƙara masa komai ba sai karan. Ido ya ce inuwa a tsaye take, gwaji ya nuna tafiya take yi sannu a hankali ba ta taɓa tsayawa ba. Na biyunsa tauraro ne: ido yana ganinsa kamar dinari, lissafi kuwa ya nuna ya fi ƙasa girma. Gani ya kori ji, to ga hankali ya kori gani. Daga nan ya koma ya rungumi abin da hankali ya yanke, irin su goma ta fi uku, da cewa abu ɗaya ba ya zama akwai shi kuma babu shi a lokaci guda. A nan ne ya sa gaɓɓai suka yi masa magana, kuma wurin da na fi jin daɗin fassarawa ke nan. Suka ce masa: da can da mu ka amince, sai alƙalin hankali ya zo ya ƙaryata mu, da bai zo ba da har yanzu kana gaskata mu. Me ya amintar da kai cewa babu wani alƙali a bayan hankali, wanda in ya bayyana zai ƙaryata shi kamar yadda ya ƙaryata mu? Rashin bayyanarsa ba ya nuna babu shi. Sannan ya ƙara da mafarki. Mai barci ba ya shakkar abin da yake gani sai ya farka. Wa ya ce babu wata farkawa da wannan farken namu zai zama barci in an gwada da ita?

Ya nemi magani ya rasa, domin kowace hujja da waɗannan tushe na farko ake gina ta, su ne kuwa ake tuhuma. Ya ce ya yi kusan wata biyu a wannan hali, yana kan tafarkin masu musun sani a zuci, ba a baki ba. Sai ya warke, ba da jera hujja ba, da wani haske da Allah ya jefa a ƙirjinsa.

Aka yi shiru. Can wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai bai ba da amsa ba." Na so in yi mata musu, amma ni ma abin da ke cina ke nan tun daren jiya. Gurbin da na ware wa amsar Gazali a jadawalina fanko ne.

Gyara ɗaya: a daftarin farko na haɗa wannan shakka da ciwon da ya kama shi a 1095, lokacin da harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, har ya bar kujerarsa ta makarantar Nizamiyya a Bagadaza da ɗalibai ɗari uku ya nufi Sham. Abu biyu ne daban a littafin. Na farko a kan ko sani yana yiwuwa, na biyu a kan niyya da son girma. Na raba su.

8 ga Fabrairu

Na kai wa Malam shafukan, shi da na yi tauhidi a zaurensa tun ina saurayi. Ya saurara har ƙarshe yana jan casbi, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, kada ka je ka shuka wa yara waswasi ka tafi ka bar su." Na ce, "Allah gafarta Malam, ai Gazali ne ya rubuta." Ya ce Gazali ya san hanyar fita kafin ya rubuta. Ya tuna mini hukuncin mazhabarmu: wanda ya yi shakkar ko alwalarsa ta karye zai sake, amma wanda shakka ta aure shi kullum, ana ce masa ya yi watsi da ita. Wato shakkar da ta zo da dalili daban, wadda ta zama ciwo daban. Zan sa wannan a gabatarwa.

Ya sa na ɗauko masa Aƙa'idun Nasafi. Jumlar farko ta littafin ita ce haƙiƙanin abubuwa tabbatacce ne, saninsu kuma mai yiwuwa ne, saɓanin Sufasɗa'iyya, wato masu musun sani. Littafin aƙida ne, amma kafin ya ambaci Ubangiji da siffofinsa sai da ya fara tsare ƙofar sani, ya ce hanyoyinsa uku ne: lafiyayyun gaɓɓai, labari na gaskiya, da hankali. Taftazani, wanda ya yi sharhinsa a ƙarni na 14, ya kasa masu musun gida uku. Akwai masu cewa babu wata haƙiƙa sam. Akwai masu cewa gaskiya ita ce abin da kowa ya ɗauka a wurinsa. Akwai 'yan ban-sani-ba, masu shakkar komai har da shakkarsu. Na biyun nan na san su, suna nan cike a Facebook.

Maganin da Taftazani ya ba da shi ne ya ba ni dariya, daga baya kuma ya sa ni tunani. Ya ce ba hanyar muhawara da su, sai dai a gasa su da wuta, ko su amsa ko su ƙone. Ibnu Sina ma ya faɗi makamancin haka tun kafinsa, cewa a doki mai musun tushen farko har ya yarda duka da rashin duka ba ɗaya ba ne. Wuta ba hujja ba ce. Amma manyan masana biyu da suka ƙware a manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, sun koma ga bulala, wannan ikirari ne cewa ba a kama mai shakka da hujja in bai yarda da komai ba tun farko. Gurbi na biyu a jadawalina ya zama fanko.

22 ga Fabrairu

Babin Agustin ya fi sauƙi. Ɗan arewacin Afirka ne, an haife shi a 354 a garin da yanzu ake kira Suƙ Ahras a Aljeriya, ya rasu a 430 yana bishop na Hippo, wato Annaba ta yau. Ya taɓa karkata ga masu cewa ba a iya sanin komai, sannan a 386 ya rubuta musu raddi. Misalinsa filafilin kwalekwale ne da ake gani a karye in an tsoma shi a ruwa. Ni muciyar uwargida na ara da bokiti. Ya ce ido bai yi ƙarya ba, abin da ya iso gare shi ya isar. In ka tsaya a kan "haka ya bayyana mini", ba wanda zai kama ka da kuskure. Daga baya ya kawo wadda ta fi shahara: ko da ruɗuwa nake yi, ai sai akwai ni sannan in ruɗu.

Wannan amsa ce ta gaske, ita ce ta farko da na samu. Sai dai gonar da ta ceto ƙarama ce. Ta ba ka kanka da abin da ke bayyana maka, ba ta ba ka muciyar ba.

Na cire sakin layi uku da na rubuta a kan cewa Dekart, masanin falsafa Bafaranshe, ya kwashi shakkarsa ta 1641 daga Gazali. Magana ce mai daɗin faɗa a taro, kamannin kuma akwai su, musamman mafarki. Amma kama da wane ba ta wane, kuma littafin da ke tambayar "ta yaya ka sani" bai kamata ya ɗauki zance don yana faranta mana rai ba.

15 ga Maris

Azumi, mun dakatar da zaman Asabar. Ban rubuta sabon abu ba sai gyaran ƙa'idar rubutu. Batirin kwamfuta ya mutu, na koma biro.

5 ga Afrilu

Bayan salla na koma kan Gazali, amma a wani littafin, Tahafutul Falasifa, mas'ala ta 17 cikin 20. A nan shakkar ta sauka daga kan ido da mafarki ta koma kan sababi. Ka kusantar da auduga ga wuta, ta ƙone. Masana falsafa suka ce wutar ce ta ƙona, bisa ɗabi'arta, kuma ba makawa. Ya ce me kuka gani? Kun ga ƙuna ta auku lokacin da suka haɗu. Ba ku ga cewa da wutar ta auku ba. Duk nauyin mas'alar yana kan ƙananan kalmomi biyu na Larabci, kuma na yi kwana uku ina juya su kafin in tsaya a kan "a tare da ita" da "ta dalilinta".

Shi da kansa ya kawo abin da abokan hamayya za su ce, kuma bai rage masa kaifi ba. In haka ne, wanda ya bar littafi a gida ba zai iya cewa littafi ne har yanzu ba, wataƙila ya rikiɗe ya zama doki ya ɓata ɗakin karatu da fitsari da kashi. Ɗalibai sun yi dariya har da riƙe ciki. Amsarsa ita ce abin yana yiwuwa a hankalce, amma Allah ya halitta mana sanin cewa ba zai aikata shi ba, kuma maimaituwar al'ada sau bayan sau ta kafe wannan a zukatanmu. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, bai yarda ba. A raddinsa ya ce hankali ba komai ba ne illa riskar abubuwa ta sababansu, wanda ya kore sababi ya kore hankali.

Ina cikin rubuta wannan sai na ji kamar na taɓa jin sa a wani wuri, ba a littafin falsafa ba. Ashe a zauren Malam ne. Ummul Barahina ta Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, da ita aka fara mana tauhidi, kuma ta buɗe ne da cewa hukuncin hankali uku ne: wajibi, mustahili, ja'izi. A Muƙaddimarsa kuma ya raba hukuncin hankali da na shari'a da na al'ada, ya ce na al'ada shi ne ƙulla abu da abu saboda maimaituwa, tare da cewa saɓawa tana yiwuwa kuma ɗayan ba shi ne mai tasiri a ɗayan ba. Wuta da ƙuna, abinci da ƙoshi, wuƙa da yanka. Mun haddace shi muna gyangyaɗi bayan asuba. Shekara ashirin da wani abu ina ɗauke da amsar wata babbar rigima a kaina ban san tambayarta ba.

19 ga Afrilu

Paris. Wannan babi ya fi kowanne ba ni wuya, don ta fassara nake karanta mutanen, ba ni da Latin. Abin da na kama shi ne can ma ta ƙofar ikon Allah shakka ta shigo. A 1277 bishop na Paris ya haramta koyar da maganganu 219, da yawansu don suna taƙaita abin da Allah zai iya. Bayan haka ƙa'ida ta yi ƙarfi cewa duk abin da Allah yake yi ta hanyar sababi zai iya yin sa kai tsaye. Wiliyam na Okam, wani malami ɗan Ingila, ya bi ta har kan ido: Allah zai iya kawar da tauraro ya bar maka ganinsa. Tauraron Gazali ya sake dawowa, amma yanzu ba girmansa ake tuhuma ba, samuwarsa ce.

Wanda ya ja zaren har ƙarshe shi ne Nikolas na Otrekur. Ya yi musayar wasiƙu da wani malami, Barnad na Arezo, biyu daga cikin nasa suka tsira, na Barnad sun ɓata. Barnad ya yarda cewa ganin abu ba ya tilasta samuwarsa. Nikolas ya ce masa to bisa maganarka ba ka san ko akwai Paparoma ba, ba ka ma san ko kana da kai da gemu ba. Shi a nasa ɓangaren ya riƙe abin da gaɓɓai suka riska da ayyukan ransa, amma ya ce duk wani yaƙini, ban da na imani, sai ya koma ga tushe ɗaya, cewa abu da kishiyarsa ba sa gaskata tare. Da wannan awo, samuwar wani abu ba ta tabbatar da samuwar wani daban. Ka sa hannu kusa da wuta jiya ka ji zafi, abin da kake da shi game da yau zato ne mai ƙarfi. Har ya ce Aristo, babban masanin falsafar Girka, bai taɓa samun tabbataccen sani game da wani jauhari, wato ainihin abin da siffofi ke rataye a kansa, ba in ban da ransa.

An kira shi Abinyo, mazaunin Paparoma a lokacin, aka yanke masa hukunci a 1346. A Nuwamban 1347 ya janye maganganunsa a bainar jama'a a Paris, ya ƙona rubutunsa, aka tuɓe masa digirinsa. Bai wulaƙanta ba dai, a 1350 ya zama shugaban limaman babban cocin birnin Mes, ya rayu har 1369. Wani ɗalibi ya ce ashe a nan ma wuta aka kawo wa mai shakka, sai dai takarda ta ci.

An fassara raddin Ibnu Rushdi zuwa Latin a 1328, kuma maganar Gazali a kan wuta da auduga tana cikinsa. Na ajiye shekarun kusa da juna a shafi, ban ja kibiya tsakaninsu ba.

3 ga Mayu

Na yaga jadawalin nan na shubuha da amsa. Buridan ne ya ƙarasa shi. Malami ne a jami'ar Paris, zamani ɗaya da Nikolas, ya shugabance ta a 1328 da 1340. Bai yi ƙoƙarin nuna cewa Allah ba zai iya ruɗar da ido ba. Ya yarda zai iya. Abin da ya ƙi shi ne a ce duk sani sai ya kai matsayin goma ta fi uku. Ya ce tabbaci hawa-hawa ne. Akwai wanda ba abin da zai girgiza shi. Akwai wanda ya tsaya bisa sharaɗin cewa duniya tana tafiya yadda ta saba, kuma wannan ya wadatar da mai binciken halitta ya ce wuta tana da zafi. Akwai na ƙasa da shi wanda ya isa a yi aiki da shi: alƙalin da ya bincika iyakar ƙoƙarinsa ya yi hukunci bisa shaidu ya yi daidai, ko da a ɓoye wanda aka hukunta ba shi da laifi.

Na ɗora wannan kusa da rabon Sanusi. Ba abu ɗaya suke faɗa ba, Buridan yana ba wuta tasirinta, Sanusi ba ya ba ta. Amma dukansu sun ƙi auna hatsi da ma'aunin zinariya. Yanzu na ga abin da ya faru da Gazali a wata biyun nan: ya ɗora wa kowane sani sharaɗin da kusan ba abin da zai cika shi, har tushen hankali ya kasa kawo shaidar kansa. Da ya warke ma ba sabuwar hujja ya samu ba, amincewarsa ce da waɗannan tushe ta dawo. Abin da zan gaya wa ɗalibar nan ke nan, in ta yarda.

Sabon tsari: kowane babi zai tambayi malaminsa abu biyu, me ka ce sai an cika kafin a kira abu sani, kuma me ya rage a hannunka bayan ka faɗi haka.

17 ga Mayu

Shafi 47 a rubuce, babi huɗu sun tsaya da ƙafarsu. Na karanta wa ɗalibai sabon babin Gazali. Ɗalibar ta ce ta fahimta amma ba ta gamsu ba, na ce ta rubuto mini dalilinta a shafi ɗaya, in ya yi ƙarfi zan sa shi a littafin ba tare da suna ba.

Malam ya ba da shawarar in rufe da mas'alar imanin mai taƙalidi, wato mai bin abin da aka gaya masa ba tare da hujja ba, tunda Gazali da ita ya buɗe: ya ga 'ya'yan Nasara suna tashi Nasara, na Yahudu Yahudu, na Musulmi Musulmi, ya kuma ce taƙalidi kamar gilashi ne, in ya fashe ba ya ɗinkuwa sai an narka shi an sake ƙerawa. Rigimar ta iso ƙasar nan. A zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo akwai masu kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin tauhidi irin na malaman kalam ba, Shehu kuwa ya yi ta rubutu yana yaƙar wannan ra'ayi. Ya yi alkawarin nemo mini abin da yake da shi a kai cikin littattafansa.

Ibnul Haisam, masanin ilimin gani da haske, har yanzu ba shi da wuri. Ya ware kashi guda na littafinsa na gani ga kurakuran ido, ya kuma rubuta wani a kan shakkokinsa game da Baɗlimusa masanin taurari na zamanin da, ya kamata a ce ya shiga kusa da karan inuwa. In na sa shi zan haura shafi sittin. Asabar mai zuwa zan gwada shi a zama in ga ko ya kama, sannan in tura babi na ɗaya da na biyu wurin mai buga rubutu.